Baba da hanyar gona

Jiya da daddare ina zaune a ƙofar gida, nan ƙauyenmu na wajen Ringim, na ci karo da wani rubutu a waya, wai motsa jiki maganin mantuwa ne. Nan take hankalina ya koma kan Baba. Tun da ya daina zuwa gona bara, sai ka ga yana ta neman carbinsa, alhali yana cikin aljihun rigarsa.

Har na ce ai rashin tafiyar ne, sai na tsaya. To in mantuwar ce ta fara, ita ta hana shi fita fa?

Na bibiyi asalin binciken. A Amurka aka yi shi, aka fitar a 2011. Dattawa 120 aka raba gida biyu, rabi suna tafiyar minti 40 sau uku a mako, rabi suna miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara, sashen ƙwaƙwalwa mai adana abin da mutum ke tunawa ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 a wajen masu tafiyar. Amma cikinsu ba wanda ciwon mantuwa ya riga ya kama.

Yau bayan asuba mun taka har bakin fadama, yana dogara sandarsa. Ranar Litinin insha Allah zan kai shi asibiti.