Injin da ya fi madatsar Lagdo ƙarfi

Ni bakanike ne a Garwa, aikina injin kamiyo da manyan janareto, shekarata goma sha ɗaya hannuna cikin baƙin mai. Bara kawuna ya ce in raka shi tashar jiragen ruwa ta Kiribi ɗauko kwantena da zai kai Injamena, saboda motarsa tana ɗan tari a hawa kuma yaron motarsa ya tafi gida. Na roƙi maigidana sati biyu ya ba ni. Tun da na dawo nake son rubuta wannan abin, sai yau Allah ya nufa.

Mun isa da dare, ba mu ga komai ba sai fitilu. Da gari ya waye ina alwala a gefen mota na ɗaga kai, sai na ga wani abu kamar unguwa guda an ɗora ta a kan ruwa, kwantenoni jere bisa jere, ja da shuɗi da ruwan ƙasa, har wuyana ya gaji. Na ce Kawu wancan gini ne ko me? Ya ce ɗana jirgi ne, kuma wannan ba ya cikin manyan ma. Wallahi na daɗe tsaye da buta a hannu. Irin kwantenar da mu muka yi kwana da kwanaki a hanya don mu ɗauki guda ɗaya tak, ita ce ƙugiya ke tsinta a can sama kamar akwatin ashana.

Abin da ya fara zuwa raina, irin na mai sana'a, shi ne wane irin inji ne ke tura wannan, kuma me yake sha. Daga ranar na shiga bin diddigi, duk daren da akwai wuta da rezo ina kan waya ina karatu.

Manyan jiragen kwantena na yanzu tsawonsu mita 400 ne, faɗi kuma sama da mita 60. Ku ɗauki filin ƙwallo na Rumde Ajiya, inda ake buga wasa a nan Garwa, ku jera kusan guda huɗu. Suna ɗaukar kwantena ƙarama mai ƙafa 20 har 24,000 da ɗoriya. In ka mayar da su dogaye masu ƙafa 40 irin wadda Kawu ke ja, kamiyo 12,000 kenan, kuma in ka jera motocin nan hanci da wutsiya ba tazara za su ci wajen kilomita 200, kusan daga Garwa zuwa Marwa. Kayan jirgi ɗaya fa. Mutanen da ke tafiyar da shi kuwa ashirin da 'yan kai ne. A 1956 da Malcom McLean ya fara wannan harka a Amurka, jirginsa na farko kwantena 58 ya ɗauka.

Amma ni inji ne ya tafi da hankalina. Akwai jirgi Emma Maersk da aka ƙera a Danmak a 2006, tsawonsa mita 397, injinsa na kamfanin Wärtsilä ne ana ce masa RT-flex96C. Silinda 14. Faɗin bakin kowace silinda santimita 96, wato ni da kaina zan shiga ciki in tsuguna, fistin ɗin kuma yana hawa da sauka mita biyu da rabi. Injin kaɗai nauyinsa tan 2,300, tsayinsa mita 13 da rabi kamar bene mai hawa huɗu, tsawo sama da mita 26, masu aiki a jikinsa matakala suke hawa daga wannan hawa zuwa wancan. Mu a gareji mutum biyu ke ciro kan inji su aza a benci, su can ƙugiya ce a rufin ɗakin take ɗaga fistin ɗaya.

Ƙarfinsa kilowat 80,080, sama da doki dubu 107. To nan ne na ajiye wayar na yi shiru, domin madatsar Lagdo da muke dogaro da ita wajen wutar lantarki a nan arewacin Kamaru, injinanta huɗu gaba ɗaya megawat 72 aka gina su su bayar. Inji ɗaya cikin jirgi ɗaya ya fi Lagdo, ko a lokacin da ruwa ya cika ta maƙil, balle yanzu da muke kwana a duhu da rani. Da na faɗa wa maigidana cewa ya yi in sake dubawa, na duba sau uku a gabansa.

Wani abin kuma, injin nan ba gudu yake ba. Kamiyon Kawu a kan hanya yana juyi wajen 1,500 a minti, wannan iyakarsa 102, kana iya ƙirgawa da baki. Tu-sitirok ne, kowane saukar fistin akwai wuta, amma kar ku haɗa shi da ƙaramin janareton da ake zuba wa mai a gauraye, wannan wata duniya ce daban. Ba shi da giya sam, ƙarfen da ya fito daga inji shi ne ya miƙe har farfela. To ya ake ribas? Kashe injin ake yi ɗungurungum sannan a tayar da shi ta baya. Kuma ba sitata ba batir, iska ce da aka matse a manyan tankuna ake sakar wa silindojin ta tura fistin har ya kama. Na yi kwanaki ina juya wannan a kaina, sauƙin dabarar ne ya burge ni, sun cire duk abin da zai iya lalacewa a tsakani.

Abin shansa kuma ba gazuwal ɗinmu ba ne. Wani mai ne baƙi ƙirin mai kauri, ragowar da ke zama a ƙasa bayan matata ta cire fetur da kananzir da gazuwal, ɗan uwan kwalta ne. In ya yi sanyi da ƙyar yake motsi, sai an dafa shi ya haura digiri 100 sosai, an tace shi a injin da ke juyawa yana ware ruwa da datti, kafin ya isa nozul. Duk wanda ya taɓa kwance famfon da zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri, ko gurɓataccen gazuwal ya kashe zai gane girman wannan aiki. Sun zaɓe shi ne don araha. Illarsa hayaƙi mai sulfa, shi ya sa daga 1 ga Janairun 2020 hukumar jiragen ruwa ta duniya ta rage sulfar da aka yarda da ita daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, wasu jiragen suka koma mai mai tsabta, wasu suka saka na'urar wanke hayaƙi, sababbi kuma wasunsu iskar gas suke sha ko metanol.

In aka buɗe wa injin Emma Maersk wuta gaba ɗaya yana shan sama da tan 13 a awa guda. A awa! Kwana ɗaya ya haura tan 300, tankokin mai na hanya kusan goma kenan. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce wannan ai ɓarna ce, ni ma haka na ce da farko, har na zauna da biro a bayan katan ɗin filta na yi lissafi.

Jirgin a cikakken gudu yana yin wajen kilomita 46 a awa, kenan duk kilomita 100 yana ƙona kamar tan 30, mu ce lita dubu 30. Raba wannan da kwantena 11,000, adadin da kamfanin ya faɗa in an cika su da kaya masu nauyi, kowace ƙarama ba ta kai lita 3 ba, doguwa ba ta kai lita 6 ba. Kamiyon Kawu kuwa, ni na riƙe littafin mai a tafiyar nan, lita 45 ne duk kilomita 100, in mun shiga hawa ya fi haka. Daga Duwala zuwa Injamena wajen kilomita 1,800 ne, mu lita 800 da wani abu, jirgi a wannan nisan wajen lita 100 zai ci wa kwantenarmu. Kuma wannan a gudunsa na ƙarshe ne, wanda yanzu ba sa yi. Tun wajen 2008 da mai ya yi tsada suka koyi tafiya a hankali, domin ruwa ba kamar kwalta ba ne, in ka rage gudu da kashi 10 ƙarfin da kake buƙata yana sauka da kusan kashi 27. Irin waɗannan injina kuma suna mayar da rabin ƙarfin man da suka sha ya zama aiki, injin ƙaramar mota bai kai nan ba.

Ba ina cewa ba su da laifi ba, jiragen ruwa gaba ɗaya suna fitar da kusan kashi 3 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, mu da ke ganin yadda zafin watan Afrilu ke gasa mutane a Garwa ba za mu raina wannan ba. Amma su ne ke ɗauke da fiye da kashi 80 na kayan cinikin duniya. Da jirgin kwantena Ever Given ya gicciye a mashigin Suwez a Maris ɗin 2021, kwana shida kawai ya yi, duniya ta rikice.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane tsadar kayan da muke kuka da ita a kasuwa, babban rabonta ba a teku aka ɗora shi ba. Fistin da ringi da nake saya sun keto teku daga Sin, sun raba kuɗin mai da dubban kwantenoni, sai sun taka ƙasa wahalar ke farawa. Duwala a bakin kogin Wuri take, ruwan ba zurfi, kullum sai an yashe, manyan nan ba sa iya shiga, shi ya sa aka gina Kiribi da ta fara aiki a 2018. Jirgin ƙasa daga Duwala ya zo Ngaundare ya tsaya, daga nan sai taya. Mun sauko gangaren dutsen nan na bayan Ngaundare da giya ta biyu, birki na wari, Kawu na ta salati, a gefen hanya ga wata mota kwance kwantenarta ta fashe. Tsakanin Mora da Kusiri kuwa akwai inda mai keke ya wuce mu. Ga shingaye, kowanne ka tsaya, kowanne ka sa hannu a aljihu. Taya biyu muka rasa da sifirin ɗaya kafin mu ga gadar Ngeli da ake tsallakawa a shiga Injamena.

Da muka dawo na bi ta tsohuwar tashar jirgin ruwa ta Garwa a bakin Binuwai, wurin da nake wucewa tun ina yaro ban taɓa tsayawa ba. Tsofaffi suna ba da labarin yadda jirage ke hawowa daga Najeriya da damina, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Na tarar da masu ɗiban yashi da kwale-kwale uku, wani yaro yana wanke babur a inda ruwan bai kai masa gwiwa ba.