Ranar da Jirgi Ba Ya Tsayawa

Shekara tara ke nan ina riƙe da ɗan ofishin tafiye-tafiye a Birnin Kebbi, ni da yara biyu masu aikin kwamfuta. Da Umara muke cin abinci, sai tikitin Dubai da Alƙahira jefi-jefi. Da jirgin ruwan shaƙatawa na AROYA ya fara tashi daga Jidda a watan Disamba 2024, sai masu zuwa Umara suka soma tambayata ko za a haɗa musu da shi. Ni kuwa ba na sayar da abin da ban ɗanɗana ba, don haka na yanki nawa tikitin.

A jadawalin akwai yini guda da ba a yada zango ko'ina, daga asuba har dare ruwa ne kawai. A nan ciniki ke cijewa. Wani dattijo ya ce mini, "Alhaji, in biya kuɗina in wuni kallon ruwa? Ai Yawuri ta fi kusa."

Gaskiya wannan yinin na fi so. Bayan sallar asuba na hau can saman jirgi da kofin shayi, na ga rana tana fitowa daga cikin Bahar Maliya, babu tudu, babu bishiya, ga iska mai gishiri tana manne wa leɓe. Jirgin ya haura mita 300 a tsawo, amma a wurin nan kamar ƙwarya yake a tafki. Layin waya ya ɗauke, intanet ɗin jirgi kuma na kuɗi ne, sai na ajiye wayar. Akwai wurin sallah, abinci halal ne, ba giya, ba caca. Alƙibla dai sai an sake dubawa kowace sallah, domin jirgi yana juyawa.

Wajen la'asar iska ta taso, na ga wata Hajiya ta dafe bango, jiri ya kwashe ta. Tun daga ranar, duk mai saurin tashin zuciya ɗakin tsakiyar jirgi nake kama masa, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi bai da yawa. Masu son sauƙi ina gaya musu tun a ofis cewa ɗakin ciki ba shi da taga, kada su je su ce na rufe su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne atisayen da ake yi kafin a tashi: kowa sai ya san wurin taruwarsa da yadda ake ɗaura rigar ceto, har yara ƙanana da tasu. Ina tsaye a layin sai haɗarin garin Wara ya faɗo mini a rai, jirgin ruwan da ya kife a Kogin Neja, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, a watan Mayu 2021, 'yan kasuwa da mata da goyonsu. Idona ya ciko.

Da na dawo, na sayi rigar ceto guda ashirin na aika wa wani ɗan'uwanmu da ke fito a Yawuri. Wanda ya zo neman tikitin teku kuma, kafin mu taɓa maganar farashi sai na zaunar da shi na yi masa bayanin atisayen nan.