Kafin ka sayi sabon difaranshal, gano aksul ɗin da ke ƙarƙashin tsohuwar motarka

Motar Amurka ta shekarun 1960 da 1970, irin su Chevelle, Camaro, Mustang ko Charger, ta kai shekara hamsin ko ta kusa, kuma da wuya ka samu wadda hannun makaniki bai taɓa ƙarƙashinta ba. Aksul ɗin baya na cikin abubuwan da aka fi sauyawa, domin idan ya lalace, wanda ya samu a kusa shi ake ɗaurawa. Saboda haka takardun mota da lambar jikinta suna gaya maka abin da ta fito da shi daga masana'anta ne kawai. Abin da ke ƙarƙashinta yau sai ka kwanta ka duba. In za ka sayi difaranshal, wato giyoyin tsakiyar aksul da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya biyu, mai sayar da kaya abu uku zai nema a wurinka: irin aksul ɗin, yawan haƙoran bakin shaf (sandar da ke kai juyi ga taya), da lissafin giyar da ke ciki. Ka kuskure ɗaya, kayan ba za su zauna ba.

Ka ɗaga motar, ka ɗora ta kan sandunan ƙarfe masu ƙafa, kada ka shiga ƙarƙashinta jak ne kaɗai ke riƙe da ita. Ka goge tulun da ke tsakiyar aksul da burushin waya da ɗan kananzir, sannan ka leƙa ta baya. In ka ga bayan tulun a shafe yake, waldacce, babu murfi babu noti, to irin wanda ake zaro cikinsa gaba ɗaya ta gaba ne. Manyan 'yan wannan gida su ne Ford mai inci 9, wanda aka yi daga 1957 zuwa 1986, da ƙanensa mai inci 8 da ya fito a 1962, sai Chrysler mai inci 8.75. Raba na Ford ɗin biyu ba wuya. Ka ɗauki soket ka gwada notunan da ke zagaye da kan, wato ɓangaren nan da ake zarowa ta gaba. A mai inci 8 soket yana hawa kowane noti kai tsaye. A mai inci 9 kuwa notuna biyu na can ƙasa ba sa karɓar soket, sai sifana. Na Chrysler, lambar da aka zubo a jikin kan za ka karanta, ka kula da ukun ƙarshe: 741, 742 ko 489. Kaurin wuyan finiyon ɗinsu, wato ƙaramar giyar da ke juya babbar, ya bambanta, inci 1.375, da 1.75, da 1.875, don haka giyar ɗaya ba ta shiga ɗaya.

In kuma akwai murfi a baya, jama'a kan ƙirga notunan murfin su ce magana ta ƙare. A nan ake yawan yin asara, musamman a motocin General Motors (GM).

Noti goma a murfin GM bai nuna komai ba tukuna, domin aƙalla aksul uku ne ke da shi: mai inci 7.5, mai 8.2, da mai 8.5. Wannan adadi faɗin kiraun ne, babbar giyar nan mai zagaye. Mai 8.5, wanda ya shigo a farkon shekarun 1970, yana da wasu kunnuwa biyu masu kusurwa a ƙasan tulun, hagu da dama. Notin finiyon ma shaida ne: na 8.5 soket mai inci 1 da kwata yake ci, na 8.2 inci 1 da ɗaya bisa takwas, na 7.5 kuma inci 1 da ɗaya bisa goma sha shida. Sai dai noti abu ne da ake canjawa, kada ka tsaya a kansa kaɗai. Shi kansa 8.2 iri biyu ne. Na Chevrolet finiyonsa haƙori 25 gare shi a inda farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ke kamawa, kuma shaf ɗinsa wani ɗan ƙarfe mai siffar harafin C ke riƙe shi daga ciki. Na Buick da Oldsmobile da Pontiac haƙori 27 ne, shaf ɗin kuma da noti huɗu ake ɗaure shi ta bayan birki. Kayansu ba sa haɗuwa.

Noti goma sha biyu ma akwai tarko. Wanda kowa ke nema shi ne na ƙananan motocin Chevrolet na 1965 zuwa 1972, kiraun inci 8.875, shaf mai haƙori 30, wuyan finiyon inci 1.625. Na a-kori-kura faɗin kiraun ɗinsu ɗaya, amma wuyan finiyonsa inci 1.438 ne, kuma giyarsu da kwandonsu, wato gidan da ake ɗaure kiraun a jikinsa, daban. Ga kuma wani na Oldsmobile na ƙarshen shekarun 1960: noti 12 a murfi, amma ka buɗe ka tarar noti 10 ke riƙe da kiraun. Wanda ya saye shi da kuɗin na Chevrolet an yi masa sakiyar da ba ruwa, ga kayansa da wuyar samu. Notunan da ke ɗaure kiraun a jikin kwando su ne abin ƙirgawa.

Aksul ɗin kamfanin Dana, wato Dana 44 da Dana 60, duk noti goma ne, amma sukan zo da 44 ko 60 a zube a jikin tulun. Ford kuma yakan rataya ɗan tambarin ƙarfe a jikin noti ɗaya. In ka ga 3L25, lissafin giyar 3.25 ne, harafin L na nuna mai riƙe tayoyi biyu ne. Tambari dai ana cire shi a mayar a wani wuri.

Yanzu lissafin giya. Tayoyin baya biyu a sama, giya a furi, ka juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, difaranshal ɗin sake ne. In ta bi ta gaba tare, akwai mai riƙewa a ciki, wanda Chevrolet ke kira Positraction, Ford ke kira Traction-Lok, Chrysler kuma Sure-Grip. Wanda faifan kulocinsa suka cinye ƙarƙaf yakan yi halin sake, shi ya sa buɗewa ta fi. Ka sa alamar alli a farfela da taya. A mai riƙewa, ka juya taya sau 1 ka ƙirga zagayen farfela. A sake, ka sauke taya ɗaya ƙasa, ka juya ta saman sau 2. Farfela ta zagaya sau uku da kusan kashi uku bisa huɗu, wajen 3.73 ke nan. Wannan kimantawa ce. Tabbaci sai ka zubar da mai, ka cire murfi, ka ƙirga haƙoran kiraun ka raba da na finiyon: 41 da 11 su ne 3.73, 41 da 10 su ne 4.10, 37 da 12 su ne 3.08. Galibi an buga lambobin a gefen kiraun.

Dalilin wannan wahalar shi ne kwandon difaranshal ba iri ɗaya ba ne ko a aksul ɗaya. Duk lokacin da lissafin ya ƙaru, kan finiyon ƙanƙancewa yake yi, dole kiraun ya matso kusa da shi, don haka kafaɗar da yake zama a kai takan sauya wuri. A Dana 44, kwando ɗaya na ɗaukar 3.73 zuwa ƙasa, wani kuma 3.92 zuwa sama. A GM 8.5 rabuwar tana tsakanin 2.56 da 2.73. Mai noti 12 na ƙananan motoci kwando uku gare shi. Ford mai inci 9 ba ruwansa da wannan, yana daga cikin abin da ya sa ake ƙaunarsa. A Dana 44 ko mai noti 12, in ka ɗora giyar 4.10 a kwandon da aka yi wa 3.08, haƙoran ba za su kai juna yadda ya kamata ba. Ana sayar da kiraun mai kauri don cike giɓin, kuma ya fi cusa faranti a ƙarƙashin kiraun nesa ba kusa ba.

Saura shaf. Ba a sanin haƙoransa daga waje, sai an zaro shi. A irin mai ƙarfen C, ka kwance ɗan notin da ke riƙe sandar tsakiyar kwando a hankali, don yana karyewa, ka zare sandar, ka tura shaf ciki, ƙarfen ya faɗo. Ka ɗiga fenti a haƙori ɗaya ka ƙirga daga nan, sau biyu. Ford mai inci 9 yana zuwa da 28 ko 31. GM 8.5 da 28 ya fara, ya koma 30 a ƙarshen shekarun 1980. Tunda shaf ɗin yana hannunka, ka duba ko haƙoran sun murɗe, da kuma wurin da boris ke hawa.

A ganina, wanda ke da 8.5 ba ya bukatar yawon neman mai noti 12. Kwando mai kyau da shaf mai haƙori 30 sun ishe shi a titi. Mai 7.5 kuwa, in injin mai ƙarfi ne, zuba masa kuɗi ɓarna ce. Kuma ka yi lissafi kafin ka ɗaga giya: da taya mai tsayin inci 26, a giyar ƙarshe ta ɗaya-da-ɗaya, a gudun kilomita 97 cikin awa, 3.08 na juya inji kusan sau 2,400 a minti, 4.10 kuma kusan 3,200. Ƙara da shan mai za su biyo baya.

In kwando kaɗai za ka canja ka bar tsohuwar giya, ka auna ɗan wasan da ke tsakanin haƙoran kiraun da finiyon da agogon awo kafin ka kwance komai, ka mayar da shi daidai yadda ka same shi, in ba haka ba aksul zai riƙa kuka. Sabuwar giya galibi tana son milimita 0.15 zuwa 0.25, amma ka bi takardar da ta zo da ita. Ka yi wa marufan boris alamar hagu da dama, ba a musanya su. Notunan kiraun na GM 8.5 da na Chrysler 8.75 bahagon zare gare su, ta hannun dama ake kwance su. Man giya 80W-90 mai lambar GL-5 ya wadatar, sai dai mai faifan kuloci yana bukatar ƙarin ɗan mai na musamman, wajen mililita 120, in babu shi zai riƙa gurnani a kwana. In giyar sabuwa ce, ka zubar da man farko bayan kilomita 800.