Fitilar da ta makantar da ni a hazo

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo ce a ƙauyukan Jigawa, tsakanin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, in tara in kawo kasuwar Dawanau a Kano. Motata Hilux ce ƙirar 2010, ta hannu na saye ta. Duk wanda ya san harkar ya san ba son tafiyar dare ne ke sa mutum ya yi ta ba. Kafin a gama awo, a ɗinke buhuna, a sallami 'yan dako, magariba ta yi, kuma tsakaninka da kwalta akwai tafiyar awa guda a cikin yashi. Fitilun da motar ta zo da su masu ƙwan halojin ne, wat 55 a dim, 60 a ful, ga gilashinsu ya dusashe ya koma kalar shayi. Sau biyu ina faɗawa rami da kaya a baya, na ce to, a nemo ƙarin fitila.

Kuskurena na farko shi ne da ido na yi sayayya. Na shiga wani shagon kayan mota a Kano, yaron shago ya ɗauko wata doguwar fitilar LED, irin mai kama da sanda da ake ɗorawa a rufin mota, ya jona ta da batir. Ko da rana tsaka sai da na kau da kai. A jikin kwalin an rubuta wat 300. Ya ce, "Alhaji, wannan in ka kunna ta, allura ma ka gani a ƙasa." Ban yi wani dogon ciniki ba na biya. Mai walda ya yi mata ƙafafu a saman gilashin gaba, wani yaro ya ja waya daga batir kai tsaye zuwa makunni, muka tashi.

Sati biyun farko ina ta yabon kaina. Sai hazo ya sauko.

Wata Alhamis ce, na baro kasuwar Maigatari na ratsa wani ƙauye ɗaukar zoɓo, ban fito ba sai bayan isha'i. Hazo ya yi kauri, ga ƙurar motocin shanu da suka riga ni wucewa ba ta kwanta ba. Na danna makunnin. Abin da na gani farin bango ne a tsaye a gabana, kamar an shanya zani a jikin gilashi. Bonet ɗin motar, da yake fari ne, shi ma ya ɗauki hasken yana maido min da shi cikin ido. Na rage gudu ina lalube, can sai ga ƙahon sa dab da ni. Amalanke ce cike da kara, wani dattijo a kai da ɗan yaro, babu ko ƙyallin da zai nuna suna nan. Na take birki, motar ta ja ƙafa a yashi ta tsaya, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Dattijon ya kare fuska da hannun riga, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaro, kashe wutar nan, shanun ba sa gani." Da na kashe ta na bar dim kaɗai, wallahi sai na fi ganin hanya. Ban daina jin kunyar maganar nan ba har na iso gida.

Washegari na kai motar wurin mai rewaya, wani da ya daɗe yana yi wa motocin daji aiki. Kafin in gama bayani ya kama wayar da aka ja min, ya nuna min inda robarta ta fara narkewa a kusa da makunni. Babu fis, babu rile, wato 'yar na'urar da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta. Ya ce, "Alhaji, ka gode wa Allah fitilar nan ta ƙarya ce." Na ce, "Kamar yaya, Injiniya?" Ya ce in wat 300 ce da gaske, a raba da bolt 12, amfiya 25 za ta riƙa ja, kuma da tuni wannan siririyar waya ta kama da wuta. Ya sa mita ya auna, amfiya 7 take ja, wato ko wat 100 ba ta kai ba. Tun ranar na daina karanta abin da ke jikin kwali. In zan sayi fitila, da mita ake zuwa.

A wurinsa na fahimci abin da ya same ni a daren. Ƙura da hazo ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a iska, haske in ya doke su sai ya dawo ta inda ya fito. Fitilar da ke rufin mota kusan a saitin idon direba take, don haka duk abin da ya dawo cikin idonka yake sauka. Wadda ke ƙasa a bamba kuwa tana haska ƙasa ta ƙarƙashin layin ganinka, kuma tana sa kowane rami da tudu ya yi inuwa, da inuwar nan kake gane zurfinsa. Hasken sama shafe inuwar yake yi, hanya ta zama shimfiɗaɗɗiya a ido alhali ba haka take ba. Sai launi. Tawa fara ce fat mai ɗaukar shuɗi, wadda suke rubuta wa 6000K. Rawaya, wajen 3000K, ba wai huda ƙura take yi kamar yadda 'yan kasuwa ke faɗa ba, ido ne dai ya fi jure ta, ba ta kashe shi da ƙyalli. Ba sabon abu ba ne ma, Faransa ta yi shekaru da dama tana tilasta wa motocinta fitila rawaya, sai a 1993 ta saki dokar.

Abin da muka ɗaura a ƙarshe bai kai waccan kwarjini ba ko kaɗan. Ƙananan rawaya guda biyu a ƙasan bamba, masu baza haske gefe da gefe, saman haskensu a yanke yake kamar an sa wuƙa. Su ne na hazo, su ne kuma ke nuna min akuya ko jaki kafin ya faɗo hanya. Sai zagayayyu biyu masu jifa nesa, a gaban giril, wato ragar hancin mota, don daren da sama ta washe kuma hanya ta miƙe. Waɗannan mai rewayar ya haɗa su ta rile da ful ɗin motar, ta yadda da na mayar dim suke mutuwa tare. Wannan dabarar ita na fi jin daɗinta, domin mai babur da ya goyo iyalinsa a hanyar ƙauye ba zai jira ka lalubo makunni na biyu ba, kafin ka kashe ya riga ya faɗa gona. A kan kwalta kuwa ba na kunna ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa haɗuwa da mai irin wannan sandar a hanyar Gumel da dare ya san abin da yake faɗa a ransa.

Kowane layi da fis ɗinsa a kusa da kan batir, waya mai kauri a cikin bututun roba, an ɗaure ta nesa da inda injin ke zafi. Na nemi masu alamar IP67, 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga, 7 ɗin kuma za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Ko da alamar, sai da na juya bayansu na duba robar da waya ta shiga, na kuma ɗaga na ji nauyi, don LED bayanta ke zafi, kuma wadda ba ta da isasshen alminiyon da zai sha zafin ba ta kai wa baɗi da haskenta. Saiti kuwa da dare muka yi shi, muka tsayar da motar taku goma daga bango da buhuna a baya, saboda in an loda kaya gindin mota na zama, hancinta ya ɗaga, fitilar da ka saita babu kaya sai ta koma haska saman bishiya.

Wadda ban yi niyyar saye ba ita ta fi yi min aiki: wata 'yar ƙarama mai wat 18 da mai rewayar ya maƙala a bayan kan motar tana kallon bodi. Da ita ake ƙirga buhuna, da ita nake yin baya ba tare da na hau shingen wani ba. Gargada ta karya ƙafar ɗaya daga cikin zagayayyun bayan wata biyu, aka sake ta da ƙarfe mai kauri da washa mai hana noti kwancewa, tun nan shiru.

Doguwar sandar tana nan. Na rataye ta a ƙofar sito da wani tsohon batir, yara na tsince zoɓo a ƙarƙashinta.