Ƙarin garantin mota: abin da na gani bayan na sa hannu

An gama ciniki, makulli ma yana hannuna, sai mai sayar da motar ya ce in ɗan shigo ofis, akwai sauran magana guda. Motar ta yi shekara biyu da 'yan watanni a hannun mai ita na farko. Ya jawo wata takarda ya ajiye a gabana. "Yallaɓai," ya ce, "motocin yanzu duk kwamfuta ce a cikinsu. Ranar da giya ta tsaya maka, kuɗin gyaranta ya ninka wannan sau uku. Ai rigakafi ya fi magani." Ya ƙara da cewa ba sai na fitar da ko sisi yanzu ba, za a zuba kuɗin ne cikin bashin da zan riƙa biya wata-wata.

Na daɗe ina tara kuɗi kafin in kai ga wannan mota, kuma tsoron ta tsaya mini ba ni da kuɗin tayar da ita tsoro ne na gaske. Na sa hannu a kan ƙarin garanti na shekara uku. Shafi goma sha biyu ne, na farko kaɗai na karanta.

Sai daga baya na gane cewa abin da na saya garanti ne a baki kawai. Garanti na ainihi alkawari ne na kamfanin da ya ƙera motar, yana cikin kuɗinta tun asali. Toyota a Amurka, misali, tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan yawancin sassan mota, inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000. Kia a ƙasashen Turai tana kaiwa shekara 7 ko kilomita 150,000. Tawa takardar kuwa kwangila ce tsakanina da wani kamfani na daban wanda bai ƙera ko noti ɗaya na motar ba. Dokar garanti ta Amurka ta 1975 ma ta raba su, wannan kwangilar gyara take kiransa. Aikinsa irin na inshora ne: a karɓi kuɗin mutane da yawa, a biya wa kaɗan, a fitar da kamashon dila da ribar kamfani. Dole ne jimillar abin da masu saye suka zuba ta fi abin da ake kashewa a gyaran motocinsu, in ba haka ba da tuni kasuwar ta mutu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne giyar da aka tsorata ni da ita. A ranar da na sa hannu, garantin maƙera a kan inji da giya yana da sauran kusan shekara uku, na sauran sassa kuma wata goma. Kwangilata ta fara ƙirga daga wannan ranar. Wato na biya kuɗi, har da ruwan bashi a kai, don a rufa mini abin da yake a rufe.

A shekara ta biyu kwamfuresar esi ta mutu. A nan sun biya, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Amma bakanike ba shi da ikon ɗora sifana a kan motar sai an kira su sun ba da izini, motar ta kwana biyar a gareji tana jiran mai dubawa. Da aka zo lissafi, akwai kason da ni zan fara biya a kowane gyara. Akwai kuma iyakar da suka yanka wa kuɗin aikin bakanike a awa, abin da ya haura nawa ne. Gas ɗin esi ba ya ciki. Kwamfuresar da suka amince da ita ma gyararriya ce. Duk da haka sun ɗauki wajen kashi biyu cikin uku, na tafi gida ina ganin takardar ta fara yin ranarta.

Gyara na biyu ne ya koya mini karatu. Muna dawowa daga tafiya da dare, yara suna barci a baya, sai na ga allurar zafin inji tana hawa har ta taɓa ja. Wurin babu haske, babu gida ko ɗaya. Na lallaɓa kamar kilomita uku zuwa gidan mai. Washegari bakanike ya ɗago mini tiyon lagireto, ya tsage tsawon ɗan yatsa, ruwan duk ya tsiyaye. "Oga, wannan ɗan robar ba komai ba ne," ya ce, "amma gaskit ya ƙone, kan injin ma sai an kai an goge shi." A lokacin na riga na wuce kilomitocin garantin maƙera saboda yawan tafiya, don haka wannan ita ce ranar da aka sayar mini da takardar dominta.

Suka ƙi. Dalili biyu suka kawo, kuma dukansu suna rubuce a shafi na tara da ƙananan baƙaƙe. Tiyo da bel da duk kayan roba ba sa ciki, kuma ɓarnar da abin da ba ya ciki ya jawo wa abin da ke ciki, ita ma ba ta ciki. Na biyu, na ci gaba da tuƙi bayan allura ta nuna zafi. Har suka nemi rasit na kowane juyen baƙin mai tun ranar da na sayi motar, guda ɗaya ya ɓace mini. Na yi waya, na rubuta, na faɗi halin da muke ciki a daren. Ko yau aka mayar da ni wannan hanya da yarana a mota, ba zan tsaya a duhu ba. Amma kwangila ba ta san da wannan ba, kuma ni na sa mata hannu. Da kuɗina aka yi gyaran.

Da shekara ukun suka cika na zauna da biro. Abin da suka biya mini bai kai rabin abin da na ba su ba.

Lokacin da na sauya mota, aka sake kawo mini irin takardar. Na ce a ba ni in tafi da ita gida. Na fara da jerin abubuwan da ba sa biya, domin nan ne gaskiyar kwangilar take. Iri biyu ce: wata tana lissafa sassan da take ɗauka, duk abin da ba ta ambata ba babu shi, wata kuma tana ɗaukar komai sai abin da ta ware da suna. Ta biyun ta fi tsada, amma ita ce mutum zai iya dogara da ita. Birki, kuloci, taya da batir, kusan babu mai ɗaukarsu, don cinyewa suke yi da aiki. Na tambayi wa zai biya, maƙerin motar ko wani kamfani da zai iya rufewa gobe. Na tambayi ranar da ake fara ƙirga, da gareji nawa aka yarda in je, da abin da za a mayar mini in na fasa. Da na nuna zan tashi, farashin ya sauko nan take, wanda ya nuna mini yawan kamashon da ke ciki. Kuma babu gaggawa, ana iya saye daga baya kafin garantin maƙera ya ƙare.

Ban saya ba. Na buɗe asusu daban, duk wata ina zuba masa daidai abin da da na biya su. Na san akwai kasada: da inji ya buga a watannin farko, asusun ba zai ɗauka ba, sai dai in taɓa wani ajiyar. Ina da inda zan taɓa, shi ya sa na iya.

Ƙanena ba shi da shi, kuma da motarsa yake ciyar da iyalinsa. Tasa mai turbo ce, cike da na'urori, irin waɗanda gyara ɗaya kan cinye samun wata uku. Da ya zo neman shawara na ce, "Kai ka saya, amma na maƙera, mai ɗaukar komai, kuma kada a zuba maka shi cikin bashi." Muka zauna muka karanta ta shafi-shafi tare, na saya masa jakar roba ya riƙa adana rasit a cikin mota.

Watan jiya altanetar tawa ta mutu da safe. Na ciro kuɗi daga asusun, na kai ta wurin bakaniken da na yarda da shi, kafin yamma na je na ɗauko yara daga makaranta da ita.