Na sa kuɗina a Albion, ga yadda ta kaya

A fadarmu ta Sabon Gari kusan kowa Free Fire ne ko eFootball, ni da wani abokina ne muka kauce muka faɗa Albion Online, wasan nan na wani kamfani a Berlin da ya fito 2017, ya koma kyauta 2019, sannan ya sauko waya 2021. Kyauta ne wai, amma duk wanda ya ɗan jima ciki ya san akwai ranar da hannu zai kai aljihu.

Kuɗi iri biyu ne a ciki. Silba ita kake samu da guminka, sarar itace, fasa dutse, kashe dodanni, kai kaya kasuwa. Gwal kuma shi ake saye da kuɗin gaske, kuma cikin wasan kansa akwai wurin canji inda za ka ba da gwal a ba ka silba, farashin ƴan wasa ne ke motsa shi, yau ya hau gobe ya sauka.

Wahalar farko ba ta wasan ba ce, ta biya ce. Mu nan kuɗinmu a Airtel Money suke ko Nita, shagon wasan kuma kati yake so. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655.957, kenan abin yuro 10 bai kai jikka bakwai ba, amma masu sayar da kod ɗin katin Google Play a WhatsApp sai ka ji sun ce takwas ko tara, wai ladan wahala. Kuma kod ɗin Google Play na ƙasar da aka saye shi ne, in kont ɗinka ba na can ba ne ba zai shiga ba, mai sayarwa kuwa ba lalle ya gaya maka ba sai ka riga ka tura. Ni yayana da ke Yamai na roƙa, yana da katin Visa irin wanda ake lodawa, na tura mai ta Nita ya biya. Sai da ya ce "ƙane, wai kuɗin wasa kake saye da kuɗin shinkafa?" na ce yaya ka dai taimaka.

Da gwal ya shigo na canza rabi zuwa silba na nufi kasuwar Bridgewatch, ɗaya daga cikin biranen wasan. Nan na gane abin da ba a faɗa ma sabo: kaya matakai ne, T1 har T8, kuma ko silbarka ta kai nawa ba ka sa manyan kaya sai ka tara fem, wato makin ƙwarewa da ake samu ta yin aiki da faɗa a wasan, ka buɗe matakin da kanka. Na sayi daidai wanda jikina ke ɗauka, mai kyau dai, na hau doki na shiga jan yanki, inda ƴan wasa ke iya kashe juna. To a jan yanki da baƙin yanki in aka kashe ka komai na jikinka ya tafi, wani ya lalace sauran waɗanda suka kashe ka su kwashe. Kuran ya ɗauke, rezo ya yi ƙasa, hoton ya tsaya cak, da ya dawo ina kwance an tuɓe ni tas. Ko shayin farko ba a sauke ba. Abokina ya yi dariya har da hawaye, shi da ke yawo da kayan T4 masu arha, in an kashe shi ya sake wasu ya koma.

Sauran rabin na sa a firimiyom, wato rajistar wata-wata mai ba da ƙarin gata a wasan, kuma shi ne kaɗai na ga amfaninsa a fili. Kwana 30 kana samun ƙarin kashi 50 na fem da na abin da kake tarawa a daji, ga makin fokus 10,000 kullum da ke ƙara riba wajen ƙera kaya da noma, harajin sayarwa a kasuwa ma ya ragu daga kashi 8 zuwa 4. Wannan yana ta aiki ko an kashe ka, ba mai cire maka shi. In kana shiga kullum ma kana iya tara silbar da za ka sabunta shi ba ka taɓa sefa ba, sai dai fa yana cin lokaci da forfe, kar wani ya ce maka banza ne.

Sai masu turo saƙo wai suna da silba mai arha, rabin farashi. Dokar wasan ta hana sayen silba da kuɗin gaske a hannun wani, ana rufe kont a kan haka, mai saye da mai sayarwa. Ban ma cika ganin laifin masu tarawar ba, an san yadda mutanen Benezuwela suka riƙa tara gwal a wani wasan mai suna RuneScape suna sayarwa don su ci abinci lokacin da kuɗin ƙasarsu ya karye. Amma kai mai saye kai ke da asara. Wani yaro a gild ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta cikin wasan, ya tura ma irinsu jikka biyar, daga nan aka bloke shi, lambar ma ta daina shiga. Wasu kuma cewa suke ka ba su kod ɗin shigarka su loda maka da kansu, wannan kam ko ɗan uwanka ne ka yi tunani.

Wani abu kuma, ka duba saba, wato reshen wasan da kake ciki, kafin ka biya. Akwai ta Amurka, ta Asiya da aka buɗe 2023, da ta Turai 2024, kuma mutuminka da kayansa ba sa ƙetarawa daga wannan zuwa waccan. Daga Damagaram ta Turai ta fi mana sauƙin rezo, can muka koma muka fara daga sifili.

Yanzu in albashin shago ya shigo ina ware na firimiyom in akwai sarari, in babu in haƙura wannan watan. Jan yanki kuma sai dare ya yi, waya cike da caji, kuma da kayan da in sun tafi ba zan kasa barci ba.