Yau tururuwa da kwarkwatar ganye suka cinye min safiya

Tun ƙarfe 6 da rabi na fita lambun bayan gida da kyamara, ko fuska ban gama wankewa ba, saboda yawanci ƙwaro jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa sai rana ta buge shi, da sanyin safiya za ka same su laƙwas a kan ganye kamar an ɗaure su. Ni a tunanina wannan ne lokacin ɗaukar hoto. To an ɗauka ɗin, amma wallahi hotunan ba rai, ƙwaro a zaune kawai yana kallona ina kallonsa.

Sai wajen ƙarfe 8 da suka fara neman abinci aiki ya yi daɗi. Abin da na lura da shi yau, ƙwaron da ke ci shi ne ke tsaya maka. Malam-buɗe-littafin da na yi ta bi jiya yana guduna, yau da ya sauka kan fure ya warware dogon bakin nan nasa da yake naɗewa kamar gammo ya zura ciki, har na matso da lens kusan taƙi ɗaya bai ko kula ni ba. Wai kuma da ƙafa yake ɗanɗana abu, in ya taka ya ji zaƙi sannan ya sauke baki. Ikon Allah.

Wahalar dai a fokos take, wato saita lens yadda hoto zai fito tangaran. Lens ɗin 100mm ne, in na kai shi 1:1, wato girman ƙwaron a sensa, inda hoton ke sauka a cikin kyamara, daidai da girmansa a zahiri, ko na matse ƙofar shigar haske ta lens zuwa f/11 wurin da ke fita tangaran bai fi kamar milimita 1 ba, ka samu ido ka rasa baki, ka samu baki ido ya dushe, ga iska tana kaɗa reshe ga numfashina shi ma yana motsa ni. Daga baya na kashe otofokos gaba ɗaya, wato fokos ɗin da kyamara ke yi da kanta, na sa shota, wato tsawon lokacin ɗaukar hoton, a 1/200 na daƙiƙa, da filasha da na lulluɓe da farar takarda don kar haske ya ƙona bayan ƙwaron, ina matsawa gaba ina ja baya a hankali ina dannawa in na ga idon ya fito. Gwiwata ta gaya min.

Amma wanda ya riƙe ni fiye da awa ɗaya a ƙarƙashin wani ganye ne. Kwarkwatar ganye ce cunkus, kowace ta soka bakinta kamar allura tana tsotsar ruwan tsiron, ga tururuwa na zagaya su. Da na ɗauka cinye su za su yi. Ashe tatsa suke, tururuwa ta riƙa shafa bayan kwarkwatar da gashin kanta sai wani ɗigon ruwa mai zaƙi ya ɓullo ta lashe, su kuma ladan da suke biya shi ne gadi. Ina cikin kallo wani ɗan jan buzuzu mai ɗigo-ɗigo baƙi ya hauro reshen, shi kam cin kwarkwatar yake da gaske, ya samu ɗaya ya fara tauna kafin tururuwa uku su taso masa har ya saki reshen ya faɗo. Faɗan ban samu ba, hannuna rawa yake, duk sun fito dishi-dishi. Ɗigon nan kuwa na same shi, yana ƙyalli tsakanin bakin tururuwa da bayan kwarkwata, hoto ɗaya tak cikin wajen talatin.

Da yamma na ɗauko maganin feshin da na yi niyyar yi wa wannan tsiron tun makon jiya, na tsaya na juya kwalbar na mayar da ita inda take. Gobe zan koma da abin da zan durƙusa a kai, ko buzuzun nan zai dawo.